Mai Gadi da Mai Shela: Yadda Jiragen Sama Ke Kauce wa Juna

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi sararin samaniya zai ga fili ne wanda ba shi da iyaka, har ya yi mamakin yadda za a ce jirage biyu sun rasa wurin bi sai da suka yi karo. Amma jiragen fasinja ba sa yawo yadda suka ga dama. Akwai hanyoyin da aka shata musu, akwai matakan tsawo da aka ƙayyade, kuma dukkansu suna neman sauka ne a filaye ƙalilan. Ga kuma gudu. Jirgi mai injin jet yakan ci kimanin kilomita 850 a awa guda, saboda haka idan biyu suka fuskanci juna, tazarar da ke tsakaninsu takan ragu da kusan kilomita ɗaya cikin kowane sakan biyu. Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a irin wannan gudu ƙimar ido ba ta da wani tasiri, domin jirgin da ke kan hanyar karo da wani yakan tsaya cik a wuri ɗaya a gilashin matuƙi kamar ɗigon tawada, ba ya gusawa dama ko hagu, sai a sakan na ƙarshe ya kumbura ya cika gilashin.

Ranar 30 ga watan Yuni na shekarar 1956 wasu jiragen fasinja biyu suka yi karo a saman babban kwazazzabon nan na Amurka da ake kira Grand Canyon, mutum 128 suka rasu. Da rana tsaka abin ya faru, kuma matuƙan sun dogara ne ga idanunsu kawai. Daga nan aka shiga neman na'urar da za ta yi wa matuƙi gani. Sai da aka shafe shekaru talatin ana bincike da gwaje-gwaje, har wani jirgin fasinja na ƙasar Meziko ya yi karo da ƙaramin jirgi a Cerritos ta jihar Kalifoniya a watan Agustan 1986, mutum 82 suka hallaka, ciki har da 15 da ke zaune a gidajensu. A shekarar da ta biyo baya majalisar dokokin Amurka ta wajabta wa manyan jiragen fasinja ɗaukar na'urar kauce wa karo, wadda aka fi sani da haruffan TCAS.

A yau akwai manyan fasahohi guda biyu da ake yawan ambata tare, har wasu kan ɗauka abu ɗaya ne. Ta farko ita ce TCAS ɗin, ta biyu kuwa ita ce ADS-B, wadda jirgi ke shelanta inda yake da ita. Kafin a fahimci bambancinsu dole a san wata na'ura da dukkansu suka jingina a kanta.

Na'ura mai amsa kira

Radar asali tana aiki ne kamar amsa-kuwwa: ta harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi jikin jirgi ta dawo. Da haka za a san nisan jirgin da kuma ɓangaren da yake, amma ba za a san ko wane jirgi ba ne. Don cike wannan giɓi aka sa wa jirage wata na'ura mai suna tiransifonda, wato mai amsa kira. Tashar ƙasa takan aika tambaya a kan mita 1030 megahaz, na'urar ta ba da amsa a kan 1090 megahaz, ta faɗi lambar jirgin da tsawon da yake a sama. Irin ta zamani, wadda ake kira Mode S, tana ɗauke da lamba ta musamman da ba a ba kowane jirgi irinta ba a duniya, ta yadda za a iya kiran jirgi ɗaya tak daga cikin taro ya amsa.

TCAS: mai gadi da ke tambayar “wane ne nan?”

Hikimar TCAS ita ce an ɗauko aikin tashar ƙasa an sa a cikin jirgi. Kusan sau ɗaya a kowane sakan na'urar takan aika tambaya ga jiragen da ke kewaye, ta kuma auna lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta iso. Igiyar rediyo tana gudun kilomita 300,000 a sakan. Idan wani jirgi yana nesa da kilomita 10, zuwa da dawowa kilomita 20 ke nan, wanda zai ci kimanin kashi 67 cikin miliyan na sakan ɗaya. Na'urar takan cire ɗan jinkirin da aka san tiransifonda na yi kafin ta amsa, abin da ya rage shi ne ma'aunin nisa. Tsawon jirgin kuwa yana cikin amsar da ya bayar.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi a nan shi ne, TCAS ta fi damuwa da lokaci a kan nisa. Takan raba tazarar da ta rage da saurin da tazarar ke raguwa. Alal misali, jirgin da ke nesa da kilomita 12, wanda tazararsa ke raguwa da mita 400 a kowane sakan, saura sakan 30 ke nan a haɗu, don haka abin tsoro ne. Wanda kuwa yake kilomita 3 kacal a gefe, amma yana tafiya jiha ɗaya da gudu ɗaya, tazararsa ba ta raguwa, na'urar ba za ta tayar da hankalin kowa a kansa ba.

Gargaɗin hawa biyu ne. Idan ya rage tsakanin sakan 20 zuwa 48, gwargwadon tsawon da ake a sama, murya takan sanar da matuƙa cewa akwai jirgi kusa, su shirya, su duba. Idan ya rage tsakanin sakan 15 zuwa 35, sai ta ba da umarni kai tsaye: a hau, ko a sauka, ko a tsaya a matakin da ake. Ana sa ran matuƙi ya fara aiwatarwa cikin sakan biyar, kuma ba da fizga ba, domin hawan ƙafa 1,500 a minti ya wadatar a mafi yawan lokuta. Idan jiragen biyu duk suna da na'urar, sukan yi shawara a tsakaninsu ta hanyar Mode S tun kafin matuƙan su ji komai: wannan ya ce zai hau, wancan ya ɗauki sauka. In kuwa suka zaɓi abu ɗaya a lokaci ɗaya, wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ke da rinjaye, ɗayan ya canja. Ba a bar wurin gardama ba.

Me ya sa ba ta cewa a karkata dama ko hagu? Dalili shi ne eriyar da ke gano ɓangaren da amsa ta fito ba ta da daidaito sosai. Takan yi kuskuren digiri da yawa. Nisa da tsawo ta san su da kyau, ɓangare kuwa ƙiyasi ne. Ban da haka, babban jirgi ya fi saurin samun tazara ta hawa ko sauka fiye da ta juyawa, kuma juyawa cikin firgici tana da nata haɗarin. Nijeriya ta ga misalin haka ranar 7 ga Nuwamban 1996, lokacin da jirgin kamfanin ADC samfurin Boeing 727 da ya taso daga Fatakwal zuwa Legas ya sami kansa kusa da wani jirgi sakamakon tangarɗa wajen raba su daga ƙasa. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara, matuƙin ya karkata jirgin da ƙarfi don ya kauce, karkatar ta wuce ƙima, jirgin ya ƙwace ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Babu wanda ya tsira daga mutum 144 da ke ciki.

Kwana biyar bayan haka, a kusa da Charkhi Dadri ta ƙasar Indiya, jirgin Saudiyya samfurin Boeing 747 ya yi karo da wani jirgin Kazakistan, mutum 349 suka rasu. Har yau ba a yi karon jirage a sama da ya ci rayuka kamarsa ba, kuma babu ɗaya daga cikin jiragen biyu da ke da TCAS. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta na'urar ga manyan jirage daga farkon 2003, sannan daga 2005 ta faɗaɗa dokar ta haɗa da duk jirgi mai injin tabain da nauyinsa ya wuce kilogiram 5,700 ko yake ɗaukar fasinja fiye da 19.

Wa za a bi, mutum ko na'ura?

Wannan tambaya ba a warware ta sarai ba sai bayan wani mummunan haɗari. A daren 1 ga watan Yuli na 2002, wani jirgin Rasha samfurin Tupolev 154, wanda mafi yawan fasinjojinsa yara ne 'yan makaranta masu zuwa hutu Sifen, da jirgin kaya na kamfanin DHL samfurin Boeing 757, suna tafiya a mataki ɗaya, ƙafa 36,000, a kan iyakar Jamus da Suwizaland. Jami'i ɗaya ne ke kula da sararin daga birnin Zurik, yana aikin mutum biyu, ana kuma gyaran wasu na'urorinsa a daren. Bai lura da haɗarin ba sai da ya rage ƙasa da minti ɗaya, sai ya umarci jirgin Rasha ya sauka. Cikin 'yan sakan TCAS ta yi magana a jiragen biyu: ta ce wa na DHL ya sauka, ta ce wa na Rasha ya hau. Matuƙan DHL suka bi na'ura. Matuƙan Rasha suka bi jami'i. Jiragen biyu suka sauka tare, suka haɗu a saman garin Uberlingen, mutum 71 suka rasu.

Na'urar ba ta yi kuskuren lissafi ba, shi ma jami'in bai san abin da take faɗa wa matuƙan ba, domin umarninta ba ya bayyana a allonsa. Bayan wannan ne aka fayyace ƙa'ida ba tare da wani kwana-kwana ba: idan TCAS ta ba da umarni, shi za a bi ko da ya saɓa wa na jami'i, daga baya a sanar da shi. Aka kuma gyara na'urar a sabon tsarinta mai lamba 7.1, yadda in ta lura ɗayan jirgin yana yin akasin abin da aka ce masa, za ta iya juya umarninta nan take. Ƙasashen Turai sun wajabta wannan tsari ga dukkan jiragen da dokar ta shafa daga Disamban 2015.

ADS-B: mai shela da ba ya jiran tambaya

ADS-B ta bi wata hanya daban. Jirgi yakan karɓi saƙonnin taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a tsawon kimanin kilomita 20,200, ya lissafa inda yake da kansa. Daga nan sai ya yi ta shela, kusan sau biyu a kowane sakan, ba tare da kowa ya tambaye shi ba: ga sunana, ga inda nake, ga tsawona, ga saurina da inda na nufa. Duk mai na'urar karɓa zai ji, ko tashar ƙasa ce, ko wani jirgi, ko tauraron ɗan'adam. Haruffan sunan ma abin da suke nufi ke nan: na'urar tana aiki da kanta, ta dogara ga kayan aunawa na jirgin, aikinta sa ido ne, kuma saƙonta na kowa da kowa ne.

Fa'idarta a fili take. Eriyar rada sai ta kewayo kafin ta sake ganin jirgi, abin da kan ɗauki sakan 5 zuwa 12, kuma daidaitonta na raguwa idan jirgin ya yi nisa. Shelar ADS-B kuwa daidaitonta ɗaya ne ko kusa ko nesa. Tashar karɓarta ƙarama ce, ba ta da abin da ke juyawa, ana iya kafa ta a kan dutse ko a kan dandamalin haƙar mai a teku, a farashin da bai kama ƙafar na rada ba. Shi ya sa aka fara gwada ta a wurare irin su Alaska, kuma Ostireliya ta shimfiɗa ta a saman faɗin ƙasarta tun 2009. Amurka ta wajabta ta a mafi yawan sararinta mai cunkoso daga 1 ga Janairun 2020, Turai ta biyo baya a Disamban shekarar.

Babban sauyi ya zo ne a 2019, lokacin da kamfanin Aireon ya fara aiki da na'urorin karɓa da aka ɗora a kan taurarin Iridium guda 66. Kafin nan, jirgin da ya shiga tsakiyar Tekun Atilantika ya fita daga idon kowace rada, sai dai ya riƙa aiko da rahoton inda yake lokaci-lokaci, don haka ake barin tazara mai yawa. Yanzu ana ganinsa, har an iya rage tazarar gaba da baya zuwa kimanin kilomita 26. Abin ya shafi Afirka kai tsaye. Shekara da shekaru, a sassan nahiyar da rada ba ta kai ba, matuƙa sun riƙa shelanta wa juna matsayinsu da baki a kan mita 126.9 megahaz, kowa na sauraro yana lissafi a kansa. A iya cewa ADS-B wannan tsohuwar al'ada ce aka miƙa wa na'ura. Hukumar ASECNA, wadda ke kula da sararin Nijar da Chadi da Kamaru da wasu ƙasashe, tana daga cikin masu amfani da bayanan taurarin don ganin jiragen da ke ratsa Sahara.

Inda suka bambanta

Duk da wannan ci gaba, kuskure ne a ɗauka ADS-B ta gaji TCAS. Da farko, ADS-B labari kawai take bayarwa. Ba ta cewa a hau ko a sauka, ba ta kuma shawara da ɗayan jirgin. Tana da ɓangare biyu, na aikawa da na karɓa, kuma dokokin 2020 na aikawa kaɗai suka wajabta. Wato jirgi na iya yin shelarsa daidai da doka alhali matuƙinsa ba ya jin ta kowa. Wanda ya fi cin moriyarta shi ne jami'in da ke ƙasa, wanda aikinsa shi ne raba jirage tun saura mintuna masu yawa. TCAS kuwa an yi ta ne don sakan talatin na ƙarshe, bayan duk sauran matakan sun gaza.

Na biyu, kuma wannan ya fi nauyi, shi ne batun amana. TCAS tana auna nisa da kanta, ba ta buƙatar GPS ko tashar ƙasa. ADS-B kuwa abin da jirgi ya faɗa game da kansa take isarwa, in an ruɗe shi ita ma ta ruɗu. Tun daga 2022 toshe saƙon GPS da aika na jabu ya yawaita a yankin Tekun Baltik da Baƙin Teku da Gabas ta Tsakiya, inda jirage kan ga na'urorinsu sun nuna musu wurin da ba nan suke ba. Bugu da ƙari, shelar ADS-B ba a rufe take ba, ba ta kuma ɗauke da wata shaidar wanda ya aiko ta. Wannan ne ya sa shafuka irin su Flightradar24 ke iya nuna wa kowa jiragen duniya a wayarsa, ta hanyar ƙananan na'urorin karɓa da dubban masu sha'awa suka kafa a rufin gidajensu. Abin sha'awa ne ga ɗalibi, abin damuwa ga masu tsaro. Saboda haka ko sababbin na'urorin TCAS da ke sauraron ADS-B don bin jiragen nesa, da nufin rage cunkoson tambayoyi a kan mitar 1090, da zarar jirgi ya matso sai su koma ga tambaya da aunawa. Ba a yarda a ba da umarnin kaucewa bisa shela kaɗai ba. Gani ya kori ji.

Akwai wata ta uku da ta tsaya a tsakiyarsu, mai suna FLARM, wadda aka ƙirƙiro a Suwizaland a 2004 don jiragen da ba su da inji, masu shawagi kamar shirwa. Irin waɗannan jirage sukan taru da gangan su yi ta kewaya cikin iska mai ɗumi da ke tashi sama, kusa da juna ƙwarai, inda TCAS za ta yi ta ihu ba dalili. FLARM tana amfani da GPS kamar ADS-B, amma har da hasashen hanyar da jirgin zai bi cikin 'yan sakan masu zuwa take aikawa, ta kuma yi gargaɗi idan hanyoyi biyu za su gitta. Ba ta ba da umarni, zangonta 'yan kilomita ne, kuma irin ta asali 'yar'uwarta kawai take gani.

Raunin da suka yi tarayya a kai

A manyan jirage, shelar ADS-B da amsar da TCAS ke jira duk ta ƙofa ɗaya suke fita, wato tiransifonda. In ta yi shiru, jirgin ya ɓace wa dukkansu. Ranar 29 ga Satumban 2006, a saman dajin Amazon na Burazil, wani ƙaramin jet samfurin Embraer Legacy da jirgin fasinja na kamfanin Gol samfurin Boeing 737 suka fuskanci juna a kan hanya ɗaya, a tsawon ƙafa 37,000. Sababbi ne ful, kowanne da TCAS ɗinsa. Amma tiransifondar ƙaramin jirgin ta daina aiki kusan awa guda kafin nan ba tare da matuƙansa sun lura ba, don haka babu na'urar da ta ce uffan. Fikafikansu suka gogi juna. Ƙaramin ya samu ya sauka, na Gol ya tarwatse da mutum 154. Wani abin lura shi ne, daidaiton na'urorin zamani ya taimaka wa haɗarin: a da, 'yan kurakuran tuƙi kan warwatsa jirage gefe-gefen hanya, yanzu kuwa kowa yana kan tsakiyar layin daidai wa daida. Wannan ya sa a wasu hanyoyin teku da na saman Afirka ake barin matuƙa su ɗan gusa dama da layin da gangan.

Masana a cibiyar bincike ta Lincoln da ke ƙarƙashin jami'ar MIT sun jagoranci ƙera magajiyar TCAS mai suna ACAS X, wadda aka fitar da ƙa'idojinta a 2018. Maimakon jerin dokoki na “in kaza ya faru yi kaza”, tana amfani da lissafin yiwuwa da aka riga aka yi da kwamfuta a kan ɗimbin yanayin haɗuwa, da nufin rage gargaɗin banza, kuma tana iya haɗa bayanan ADS-B da nata awon. Akwai reshenta da aka tsara don jirage marasa matuƙa.

Kusa da ƙasa kuwa har yanzu akwai giɓi. An tsara TCAS ta daina ba da umarnin kaucewa idan jirgi ya sauko ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, domin a nan umarnin sauka na iya kai jirgi ga ƙasa, ga shi kuma filin jirgi cike yake da jiragen da ke kusa da juna bisa tsari. A daren 29 ga Janairun 2025, jirgin fasinja da ke shirin sauka a birnin Washinton ya yi karo da helikwaftan soja samfurin Black Hawk a saman kogin Potomac, a tsawon kimanin ƙafa 300, mutum 67 suka rasu. A wannan tsawo TCAS ta jirgin fasinjan gargaɗin farko kawai za ta iya bayarwa, kuma ta bayar. Helikwaftan kuwa ba ya shelar ADS-B a lokacin. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta daɗe tana ba da shawarar a wajabta wa jirage ɓangaren karɓa na ADS-B, don matuƙi ya ga maƙwabtansa a allo ko da a inda TCAS ta yi shiru. Makonni kaɗan bayan haɗarin aka rufe wannan hanya ta helikwafta da ke gitta gaban titin saukar jiragen.